Sola Da Bohal Ba Sa Maye Gurbin Takardar Fili

Wani malamin sakandare ya shigo ofishin masu kimanta kadarori a Kano da fayil a hammata. Ya ga gida a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gwarzo, yana so ya saya da lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992. Shekara da shekaru ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa ana zubawa can, ya ce lokaci ya yi da shi ma zai ci moriya kafin ritaya.

Mai wannan rubutu ne ya je duba gidan. Mota ta tsaya a bakin rafi, aka ƙarasa a kan babur, domin damina ta cinye hanya. Gidan kansa ba laifi: ɗaki huɗu, ginin bulo, kwano sabo. Wutar Nepa ba ta iso garin ba, ruwan famfo kuwa ba a ma maganarsa. Mai gidan ya jera farantan sola a kan rufi, ya haƙa bohal, ya ɗora tanki, a kansu ya ninka farashi. Da aka buɗe ɗakin batura, biyu sun kumbura. Bohal ba takardar gwajin ruwa, ba wanda ya san zurfinsa, balle a ce yana kai watan Afrilu bai ƙafe ba. Tsakaninsa da ramin masai taku kaɗan ne.

Duk wannan mai gyaruwa ne. Da aka ce a kawo takardu, sai aka miƙo falle ɗaya, rubutun hannu, da sunayen shaidu da hatimin dagaci. Babu takardar gwamna, wato C of O, babu takardar ƙaramar hukuma, babu taswirar safiyo. Malamin kuwa tuni ya biya kafin alƙalami da kuɗin adashi da na shanun gadonsa. Wani dillali ma ya karɓi nasa kason, wai zai fito da takardu cikin mako biyu. Har yau wayarsa a kashe take.

Abin takaici, mutum mai ilimi, mai koyar da 'ya'yan jama'a, bai tambayi kowa ba sai da kuɗi suka bar hannunsa!

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a fili take. Sashe na 22 ya hana jinginar da filin da ke da takardar gwamna sai da amincewarsa, sashe na 21 kuma ya ɗora sharaɗin amincewar ƙaramar hukuma a kan filin gargajiya. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi ba da izinin gwamna ba. Wane banki ne zai zuba miliyoyi a kan hatimin dagaci bayan wannan? Ruwan kashi 6 da wa'adin shekara 30 na NHF na mai cikakkun takardu ne. Bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ ma takardar za su fara nema.

Ko da takardu sun cika, banki tambaya ɗaya yake yi: idan biya ya gagara, wa zai sayi gidan, kuma nawa? Sola a dare ɗaya ake kwance ta, don haka ba ta da nauyi a rahoto. Gidan da mota ba ta zuwa, darajarsa a gwanjo ƙasa take.

Lamuni bai fito ba. Mai gidan ya ce ya kashe kuɗin, magana tana gaban mai gari.

Kada a biya kafin alƙalami sai an ga takarda. Kada a ba dillali kuɗin takardu. A je duba gida da damina. A kai ruwan bohal gwaji. Ma'aikacin da ke shirin komawa ƙauye ya fara zuwa hukumar bayanan filaye ta Kano, KANGIS, a binciki filin, ya nemi lauya da mai kimantawa mai rajista, kuma kada ko sisi ya fita daga aljihunsa kafin nan.