Furotin Biyu Da Ke Riƙe Da Linzamin Fumfuna

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa cikin ɗan lokaci. Da aka bincika, sai aka tarar wata fumfuna ce ke cinye su. Ita ce a yau ake kira Trichoderma reesei, don girmama Elwyn Reese, wanda ya yi nazarinta tare da Mary Mandels a garin Natik na Amurka.

Auduga kusan zallar salulos ce, wato sinadarin da ke ƙarfafa karan dawa da itace. Shi salulos sarƙa ce doguwa ta sukarin gulukos, amma ba ya narkewa cikin ruwa. Don haka fumfunar takan fitar da enzayim, wato furotin masu datsa sarƙar gunduwa-gunduwa, sannan ta sha sukarin. Sai dai yin enzayim aiki ne mai cin ƙarfi, ba ta kuwa yin sa sai da dalili.

Umurnin ƙera kowane enzayim yana rubuce a ƙwayar gadonsa, cikin DNA. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani ɗan yanki da wasu furotin na musamman ke maƙalewa, su ba da izinin karanta umurnin ko su hana. Biyu daga cikinsu su ne manya. XYR1 shi ne mai buɗewa. A shekarar 2006 masana suka cire ƙwayar gadonsa, sai fumfunar ta kasa yin manyan enzayim ɗinta ko da tana zaune a kan salulos. CRE1 kuwa mai rufewa ne: muddin akwai gulukos a kusa, sai ya danne umurnin. Me zai kai mutum sussuka alhali ga tuwo a akushi?

To, a nan ɗalibi mai lura zai yi tambaya. Tun da salulos bai iya shiga cikin fumfunar, ta yaya take sanin yana nan? Amsar da masana suka fi karɓa ita ce, kullum takan saki ɗan enzayim kaɗan, kamar 'yan leƙen asiri. In sun ci karo da salulos, sai su gutsuro ƙananan sukari masu narkewa. Ana sāke ɗaurin wasunsu su zama sofuros, gulukos biyu haɗe, wanda tun 1962 aka gano ƙarfinsa wajen ta da aikin. Shigarsa ciki ita ce shaidar da ake jira, daga nan XYR1 ya kama aiki gadan-gadan.

Wannan tsimi yana amfanar fumfuna a daji, amma ciwon kai ne ga masana'antu. Suna son enzayim mai yawa don mai da kara da ƙaiƙayi su zama sukari, a yi man ethanol da shi, ga kuma aikin sassauta yadin jins. Amma da zarar sukari ya taru a tukunya, sai CRE1 ya tsai da kome. A ƙarshen shekarun 1970, a Jami'ar Rutgas, aka samar da wani iri mai suna Rut-C30 ta hanyar jirkita gadon fumfunar da zaɓen waɗanda suka fi ƙwazo. Sai a 1996 aka gane ɗaya daga cikin asiransa: ƙwayar gadon CRE1 ɗinsa guntuwa ce, ba ta iya hani yadda ya kamata. Yau masana kan gyara XYR1 da gangan, don ya zauna a buɗe ko babu salulos a tukunyar.