DARASI: Takardar Koyarwa Kafin Ƙetare Iyaka

Karatu: Yakubu 3:1

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu akwai samari da 'yan mata da suka gama sakandare, Turanci ya zauna a bakinsu, amma aiki bai samu ba. Waɗansu suna shirin ƙetarewa zuwa Nijar ko Cadi su koyar da Turanci. Niyyar ba ta da laifi. A shekarar 2025 Nijar ta sa Turanci cikin harsunan aikin hukuma tare da Faransanci. Amma shawararmu ita ce a riƙe takardar shaidar koyarwa tukuna.

Me ya sa?

Na fari, ba duk mai cin tuwo ne ya iya tuƙa shi ba. Yaron Maraɗi Hausa yake yi a gida, a makaranta kuwa da Faransanci ya saba. In ya ga kalmar Turanci sai ya karanta ta da lafazin Faransanci, ya haɗiye harafin ƙarshe. Malamin da aka horar ya san inda kuskuren ya fito, ya san maganinsa. Wanda ba a horar ba sai tsawa da bulala, shekara ta ƙare yara ba su ƙaru ba, kuɗin iyaye ya tafi.

Na biyu, takarda garkuwa ce. Baƙon da ba shi da ita, abin da mai makaranta ya ga dama shi zai biya, ran da ya ga dama kuma ya sallame shi.

Hanyoyin samunta

1. NCE: shekara 3 ce a kwalejin horon malamai. Ita ce ƙaramar takardar da Nijeriya ta amince a koyar da ita. Cibiyar NTI ta Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba da wannan karatu mutum yana gida, ba sai ya bar gonarsa ba.

2. Mai digiri a wani fanni ya ƙara da PGDE.

3. Sa'an nan a yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993.

4. Mai nufin ƙasashe masu nisa yana iya ƙarawa da CELTA ta Kambirij. Wajen mako 4 zuwa 5 ce, ɗalibi yakan koyar awa 6 ana dubansa. Tana da tsada.

Mu yi hankali da masu tallar satifiket a intanet. Kafin a sayar da bijimin huɗa, a tambaya: akwai gwajin koyarwa a gaban ɗalibai? In babu, a riƙe kuɗi.

Yakubu ya gargaɗe mu cewa hukuncin masu koyarwa ya fi tsanani. Ƴaƴan mutane amana ne. Bari mu shirya kafin mu karɓe ta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Matasa nawa ne a ikkilisiyarmu suke da niyyar tafiya ba takarda?
2. Ƙaƙa zumuntar mata da ta matasa za su taimaki ɗaya daga cikinsu da kuɗin makaranta bayan kaka?