Kayan ɗakinki, ke za ki zauna da su

Ƴar'uwata, na ji an sa ranar bikinki, kuma wayarki ta cika da hotunan gadaje da kujeru ƴan Turkiyya da Dubai. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, amma ki ba ni aron kunnenki kaɗan, domin ƴan jere za su zo su yaba, su watse, ke kuma ki zauna da kayan nan shekara da shekaru.

Ki fara da ɗakin, kafin ki fara da hoto. Yawancin gidajen haya a Tudun Wada da Sabon Garin Gusau ciki da falo ne, saboda haka ki sa a auno tsawo da faɗi, har da ƙofa. Na sha ganin an sauke sif daga mota ya ƙi shiga, sai da kafinta ya kwance shi a tsakar gida, kuma abin da aka kwance ba ya komawa da ƙarfinsa na farko. Ki bar wurin shimfiɗa sallaya, ki bar inda yaro zai rarrafa.

Sannan ki tambayi kanki yadda kike zama. In kin tashi a gidan da ake cin tuwo a kan tabarma, ana hira a ƙasa, to darduma mai kauri da matasai da tumtum na fata za su fi ba ki natsuwa a kan manyan kujeru masu ruwan zinari da baƙo kan ji nauyin hawa. In kuwa kujerun ne ranki ke so, ki saya, amma ki tuna da ƙurar hunturu, domin farin yadi ba ya kai Janairu da haskensa a ƙasarmu. Launin ƙasa ko ruwan toka sun fi haƙuri.

Katako shi ne inda aka fi cutar ƴanmata. Akwai wanda garin katako ne aka matse aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. Damina ɗaya in ruwa ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura. Akwai kuma na gaske, irin maɗaci, mai nauyi, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Ko ɗanye ne ko busasshe, wannan ma ki tambaya, saboda ɗanyen katako yakan tsage in iskar hunturu ta buso. Ki tafi da yayanki wurin kafinta, ku duba bayan sif, ku ja aljihun madubi, ku danna soson kujera. Iyayenmu mata a Tsafe da Bunguɗu da gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwalla aka kai su, wasu gadajen har yau jikoki na kwana a kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifinki. Shi ke da nauyin kayan ɗaki bisa al'ada, kuma kin san halin da noma da kasuwa suke ciki a Zamfara yanzu. Kada ki bari ya sayar da gona ko ya ci bashi domin ɗakinki ya yi daidai da na ƙawarki. Ki zauna da mahaifiyarki a daren nan, ki faɗa mata abin da kike so da gaske, ku ware wanda zai iya jira har bayan biki.