DARASI: KEK MAI MARMASHI DA DABINO DOMIN KIRSIMATI

'Yan'uwa manoma, maza da mata, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, Kirsimati kuwa ta kusa. A wannan lokaci kowane gida yakan so ya ajiye abin da za a miƙa wa baƙo, da abin da za a aika wa maƙwabta. Yawancinmu mun saba da cincin da kek na ƙwai. Cincin yana shan mai da yawa, kek kuwa yana cin ƙwai. Cikin wannan darasi za mu koyi wani gashi dabam, wanda ba ya bukatar ƙwai, ko yis, ko madara. Muna kiransa kek mai marmashi.

Hawa uku gare shi. A ƙasa akwai gari da aka danne ya yi ƙarfi kamar biskit. A tsakiya akwai 'ya'yan itace da aka dafa suka yi kauri. A sama kuwa akwai marmashin wannan garin dai, an barbaɗa shi. In ya gasu ya huce, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Abu guda muke so kowa ya riƙe: kyan wannan kek da lalacewarsa duka a kan ruwa suke. Ba a sa wa garin ruwa. 'Ya'yan itacen kuwa sai an dafa su har ruwansu ya tsotse. Wanda ya kiyaye wannan, kek ɗinsa zai yanku da kyau, ya kuma yi kwanaki. Wanda ya ƙyale, kuɗin fulawa da bota da sukari sun tafi a banza.

ASALINSA

Gashin marmashi, wanda Turawa ke kira kirambul, ya yi suna a Ingila zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945. A watan Janairu na 1940 gwamnatinsu ta soma rabon bota da sukari da kati, kowane mutum da ɗan awonsa. Rabon sukari bai ƙare ba sai 1953. Mata suka riƙa murza ɗan bota cikin fulawa, su barbaɗa a kan tuffa su gasa. Ashe dai abincin lokacin ƙunci ne.

A Kanada kuwa akan sa marmashin ƙasa da sama, da dabino a tsakiya, domin a iya yankawa a riƙe a hannu. A yammacin ƙasar suna kiransa kek ɗin aure. Lokacin Kirsimati, mutanen Amurka sukan cika shi da kiranberi, wato waɗansu jajayen 'ya'ya masu tsami da ke fitowa a fadamun ƙasarsu. Mutanen Ingila kuwa sukan sa busasshen inabi da tuffa da kayan ƙanshi, sau da yawa har da barasa.

Mu irin na Kanada za mu bi, gama dabino yana kasuwanninmu. Ana kawo shi daga yankin Agadas a Nijar, kamar Ingal da Bilma, ana kuma samunsa a wajen Dutse cikin Jihar Jigawa. Tun da babu barasa a namu, za mu iya aika shi gidan kowane maƙwabci, Kirista ko Musulmi, ba da wata damuwa ba.

KAYAN AIKI DA AWO

Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, mai gram 170. A cika shi, a shafe bakinsa da wuƙa. Wannan awo na tiren gashi ne mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, zai kuwa ba da gunduwa 24.

Na marmashi:
Fulawa, gwangwani 3, wajen gram 250
Quaker Oats, gwangwani 3, wajen gram 180
Sukari, gwangwani 1 da rabi, wajen gram 200
Bota na gashi, gram 250
Gishiri, rabin cokalin shayi
Garin citta ko kirfa, cokalin shayi 1

Na tsakiya:
Dabino wanda aka cire wa ƙwallo, gram 500
Ruwa, gwangwani 2
Lemun tsami, guda 2

Mu lura da abu uku. Na ɗaya, mu sayi dabino wajen gram 650, gama ƙwallo da ruɓaɓɓe za su rage nauyinsa. Na biyu, mu nemi bota mai ƙarfi na gashi. Mai laushin nan da ake shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa. Soyayyen man shanu wanda ya daskare shi ma yana yi, amma gram 200 ya isa, domin an riga an ƙone ruwansa, mai ne zalla. Man gyaɗa ba ya ba da marmashi mai kyau. Na uku, in Quaker Oats ya yi tsada, mu sa soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, gwangwani 2, mu ƙara fulawa gwangwani 1, mu rage bota zuwa gram 200. Lalle mu tsince gyaɗar ɗaya-ɗaya. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta canja launi, a zubar. Fumfunar gyaɗa tana haifar da guba mai cutar hanta, suya da gashi kuwa ba su kashe ta.

MATAKI NA 1: DAFA DABINO

Mu tsaga kowane dabino mu duba ciki, gama ƙwari sukan ɓuya kusa da ƙwallo. Mu wanke, mu yayyanka ƙanana. In irin busasshen nan ne mai tauri, mu jiƙa shi cikin ruwan da muka auna, da zafinsa, har awa biyu. Kada a zubar da ruwan jiƙon, zaƙin yana ciki. Sai mu ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, muna motsawa da muciya har minti 10 zuwa 15. In ya yi laushi mu dama shi, mu matsa lemun tsami.

Ba mu sa sukari a nan ba, gama kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. Lemun tsami shi ke karya zaƙin domin kada ya gundure mutum.

Ga yadda za mu san ya yi: mu ja muciya ta tsakiyar tukunya. In hanyar ta tsaya a buɗe, muna ganin gindin tukunya, ya yi. In ta rufe nan da nan, da sauran ruwa, a ci gaba da dafawa. Sa'an nan mu sauke mu bar shi ya huce sarai. Dabino mai zafi yakan narkar da botan da ke cikin gari tun ba a kai wuta ba. Ya fi kyau a dafa shi tun jiya da yamma.

MATAKI NA 2: MURZA GARI

Mu yi wannan aiki da sassafe, lokacin da sanyin hunturu ya daskarar da bota. Mu haɗa busassun kaya duka cikin babban kwano. Mu yanka bota ƙanana mu zuba. Sai mu riƙa murzawa da kan yatsu, muna ɗagawa muna sakewa, har ya zama kamar ɓarzajjen hatsi, da 'yan curi-curi kamar ƙwayar gyaɗa. Kada a cuɗa shi da tafin hannu kamar ƙullin burodi.

Ga dalili. In fulawa ta gamu da ruwa aka cuɗa ta, takan yi danƙo. Danƙon nan shi mai burodi ke nema, mu kuwa shi muke gudu. Bota yana lulluɓe garin ya hana shi danƙo, shi ya sa kek ɗin ke marmashewa a baki. Mu gwada: mu dunƙula kaɗan a hannu. In ya kama, amma da an taɓa shi ya warwatse, ya yi daidai.

MATAKI NA 3: JERAWA DA GASHI

Mu shafa wa tire bota. Mu zuba kashi biyu cikin uku na garin, mu danne shi da gindin kofi har ya yi ƙarfi ko'ina, har kusurwoyi. In ba a danne ba, gindin zai farfashe wajen yanka. Mu shimfiɗa dabino a kai da bayan cokali, mu bar ɗan fili kamar faɗin yatsa a gefe, domin kada ya manne wa tire ya ƙone. Sauran garin mu barbaɗa a sama, mu ɗan taɓa shi da tafin hannu kawai.

Mai obin ya sa zafi a digiri 180, ya gasa minti 30 zuwa 40, har sama ya yi ruwan zuma. Ƙungiyar da ke da gidan burodi kusa tana iya shiryawa da mai shi, a sa tire bayan an kwashe burodi, lokacin da zafin tanderu ya sauka.

Inda babu ko ɗaya, babbar tukunya ta isa. Mu zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar faɗin yatsu uku, mu aza duwatsu uku a kai, mu rufe, mu ɗora a garwashi har minti 15. Mu gwada zafin da ɗan fulawa a murfin gwangwani. In ta yi ruwan zuma cikin wajen minti 5, zafi ya yi daidai. In ta yi baƙi, a rage wuta. Sai mu aza tire a kan duwatsun, mu rufe, mu zuba garwashi kaɗan a bisa murfi domin sama ya gasu. In tiren bai shiga tukunya ba, a raba awon cikin ƙananan faranti biyu. Kada a buɗe kafin minti 25.

MATAKI NA 4: HAƘURI

A nan yawancin ɓarna ke faruwa. Kek ɗin yakan fito da laushi, sai ya huce yake ƙarfi. Mu bar shi cikin tire awa uku, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura da ƙuda. Sa'an nan mu yanka layi shida a tsawo, huɗu a faɗi. Mu jera cikin gwangwani mai murfi, da takarda tsakanin hawa da hawa. In an rufe shi da ɗuminsa, tururi zai koma ruwa a murfi ya jiƙa shi, fumfuna kuwa ta samu wurin zama. Na dabino yakan yi kwana biyar a wuri mai sanyi lokacin hunturu.

WAƊANSU 'YA'YAN ITATUWA

Zoɓo shi ne ya fi kama da kiranberi, a ja da tsami. Mu wanke busasshen zoɓo gram 100 sosai saboda yashi, mu dafa cikin ruwa gwangwani 4 har ya yi laushi, mu daka, mu sa sukari gram 300, mu mayar a wuta har ya yi kauri. Mai son rage sukari ya haɗa rabin wannan da rabin dabino. A dafa shi cikin tukunyar ƙasa ko kwano mai fenti, gama tsami yana cin ƙarfe ya ɓata launi.

Abarba da gwaiba ma suna yi, amma ɗanyun 'ya'yan itace fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Kilo ɗaya na yankakkiyar abarba da sukari gram 300 sai a dafa har ya koma wajen rabi. Gwaiba a dafa ta, a tace 'ya'yan da rariya tukuna. Gwajin muciya bai sake ba. Irin waɗannan a cinye su cikin kwana biyu ko uku.

Mangwaro ba lokacinsa ba ne. Amma mu tuna yadda yake ruɓewa a gindin itace da bazara. In mun yanka shi sirara mun shanya ya bushe sarai, muka ajiye cikin tulu mai murfi muna dubawa, za mu jiƙa shi mu dafa kamar dabino.

LISSAFI KAFIN SAYARWA

Ƙungiyar da ke nufin sayarwa ta rubuta kome: kayan haɗi, gawayi, takardar naɗi, da ladan masu aiki. A raba jimlar da 22, gama cikin 24 ba a rasa biyu da za su karye. Misali kawai: in jimlar ta kama naira 6,600, kowace gunduwa ta ci naira 300. In an sayar a 400, ribar tire ɗaya 2,200 ke nan. Kowace ƙungiya ta sa farashin kasuwarta. Kada mu ci bashi mu sayi kayan tire goma tun ba mu gwada ɗaya ba. Mu kuma faɗa wa mai saye gaskiya in akwai gyaɗa a ciki, gama akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Masu ciwon sukari kuwa su yi hankali da shi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa ba a sa wa garin ruwa?
2. Yaya za mu gane cewa 'ya'yan itacen sun dahu yadda ya kamata?
3. Waɗanne 'ya'yan itatuwa ne ke lalacewa a ƙauyenmu kowace shekara, yaya kuwa za mu adana su?
4. Nawa tire ɗaya zai ci mana a farashin wannan mako?

AIKIN DA ZA MU YI

A makon farko na Disamba, a zaɓi mutum biyu su binciko farashi su sayo kayan tire ɗaya. A mako na biyu, a taru a gasa na gwaji, kowa ya sa hannu wajen murzawa, magatakarda ya rubuta minti nawa ya ɗauka a wutarmu. Ranar 22 a dafa dabino, ranar 23 a gasa. In an zo rabo, a fara ware na tsofaffi da gwauraye da marasa lafiya waɗanda ba za su iya fitowa biki ba.