Kafin ki zubar da kayan ɗakin kaka

Uwargida, tsofaffin kayan da ake turawa sito yanzu su ake yayi wajen ƙawata falo, har a Turai da Amurka. Mu kuwa a gida muke da su: faifai, sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, kwanukan samira, tumtum na fata, gwado. In babu na gado, leƙa Kasuwar Kurmi a Kano.

Sai dai kada ki cika ɗakin. Zaɓi bango ɗaya, ki shafa masa fenti ruwan ƙasa ko ruwan madara, ki jera fayafai biyar ko bakwai, manya da ƙanana, ba lallai a layi ɗaya ba. A ganina wannan ya fi hoton kanti kyau nesa ba kusa ba.

Kulawar ce aiki. Ƙwarya ba ta son jiƙo, goge ta da busasshen ƙyalle, ki duba ko ƙwari sun huda ta. Tumtum yana yin fumfuna da damina, don haka ɗaga shi daga siminti, ki riƙa shafa masa man kaɗanya kaɗan. Samirar da ta ɓantare ta yi tsatsa kuwa, a bar ta a kabad don ado, kada a zuba abinci a ciki.