Darasi: Littafin Haɗari na Ƙungiya

'Yan'uwa, kowace ƙungiyarmu tana da littafin kuɗi. Mun san buhun taki nawa muka karɓa, mun san wanda ya biya da wanda ake bi. Amma in aka tambaye mu mutum nawa maciji ya sara a gonakinmu bara, ko mutum nawa suka kwanta bayan feshi, sai mu dubi juna. A yi jana'iza, a yi gaisuwa, baɗi kuma abin ya sake faruwa. Darasinmu na wannan wata a kan rubuta waɗannan abubuwa ne.

Don me za mu rubuta?

A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kimanta cewa mutum kusan miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aikinsu. Wajen 330,000 haɗari ne ke kashe su. Saura, kamar miliyan 2.6, ciwo ne da aiki ke sa musu a hankali.

A Nijeriya akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010. Ta ce ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigidan kuma ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. To, manomin da ke aikin kansa a Kiru ko Doguwa ba shi da maigidan da zai kai rahotonsa. In mu ba mu rubuta ba, ba wanda zai rubuta.

Mu tuna da Zamfara. A 2010 yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sai da ma'aikatan lafiya na ƙungiyar likitocin MSF suka lura da yawan mace-macen aka bincika, aka tarar gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa, ƙurar tana shiga cikin yara. Yara fiye da 400 suka rasu. Kowane gida ya san nasa rashi, amma sai da aka haɗa lissafi wuri ɗaya aka gane tushen. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haɗarin da ke yankinmu

1. Maganin feshi. Alamun guba su ne gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, jiri da ƙuncin numfashi.
2. Saran maciji, musamman kububuwa, lokacin sharar gona da girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zub da jini.
3. Ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman rani ya yalwata. Tare da shi akwai nutsewa a magudanan ruwa, da tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune.
4. Rijiya da rami. Ƙasa tana ruftawa, iskar ƙasan rijiya kuma takan shaƙe mutum. Masu haƙar kuza a Riruwai da masu fasa dutse suna shaƙar ƙurar da ke lalata huhu bayan shekaru.
5. Inji da dabba: bel ɗin injin niƙa, injin casa, tarakta, shanun huɗa, da faɗowa daga itace a dajin Ɗansoshiya ko gefen Falgore.

Yadda za a tsara littafin

A sayi littafi mai ƙwarin bango, a ba mutum ɗaya ya riƙe, da mataimaki. Ya kyautu ɗayansu ya zama mace, domin akwai abin da mata ba za su gaya wa namiji ba. A ja layi bakwai a kowane shafi:

- rana da lokaci
- wurin da abin ya faru
- namiji ko mace, da shekaru
- aikin da ake yi
- abin da ya jawo, in magani ne a kwafi sunan da ke jikin kwalba
- inda aka kai shi, da awa nawa aka yi kafin a isa
- ƙarshensa: ya warke, ya nakasa, ko ya rasu, da kwana nawa aiki ya tsaya

A rubuta ɗan ƙodago da yaro kamar yadda za a rubuta maigida. A rubuta wanda ya tsallake rijiya da baya, gama abin da ya kuskure wani yau shi zai sami wani gobe. A ware shafi na baya domin ciwo mai daɗewa: tarin da ya wuce mako biyu, fitsarin jini, ƙaiƙayin fata, raunin ido. Mu alamu za mu rubuta, sunan ciwo kuwa sai likita ya faɗa. Ba don neman mai laifi ake wannan littafi ba, saboda haka kada a karanta sunan kowa a taro.

Amfani da shi

Bayan kaka a zauna a ƙirga. Wane wata ya fi haɗari? Wane wuri? Wane aiki? In mafi yawan saran maciji a ƙafa ne, ƙungiya ta sayo takalman roba a sari. In guba ce, a sayi safar hannu da abin rufe hanci, a hana zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin magani. In jinkirin hanya ne, a shirya mai babur da kuɗin mai tun kafin damina. Sa'an nan a kai kwafin lissafin ga malamin gona, da mai kula da asibitin da ke kusa, da dagaci. Roƙon da ya zo da lissafi ya fi samun kunne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa muke iya tunawa da suka ji rauni ko suka rasu a bakin aiki cikin shekara uku da suka wuce?
2. Wanne daga ciki da mun iya hanawa, kuma da me?
3. Wa zai riƙe littafinmu, wace rana kuma za mu fara?