Me Ya Sa Kiran WhatsApp Ke Sarƙewa Alhali Sabis Ya Cika?

Kana Gandi ko Goronyo, sabis ya cika fal, ka kira ɗan'uwanka da ke Sakkwato, sai murya ta riƙa yankewa. Sau da yawa matsalar ba ta ƙarfin sabis ba ce, ta layi ce.

Duk abin da waya ke turawa a intanet, sai an yanka shi ƙunshi-ƙunshi. Manhajojin kira kan tura ƙunshin murya kusan duk milisakan 20. Idan suka iso a warwatse, wani da wuri wani a makare, shi ne abin da manhajar Speedtest ke rubuta wa Jitter.

Ku ɗauki layin famfon burtsatse. Mai kura ya zo da jarkoki goma, yaro mai buta yana bayansa. Idan dokar ita ce wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗiba, yaron zai rasa sallar jam'i saboda ruwan alwala kawai. Haka muryarka take a bayan fim ɗin da ƙaninka ke saukewa ta hotspot ɗinka. A layin da ke tura megabit 1 a sakan, ƙunshi mai bayit 1500 na cin milisakan 12. Guda 50 a gabanka, ka jira milisakan 600 ke nan, alhali hukumar ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce 150.

A 1989 Demers da Keshav da Shenker suka fito da tsarin rabon adalci: kowa da layinsa, ana ɗiba bi da bi, kuma ana iya ba wani kaso mafi girma. Mai kura ya cika jarka ɗaya, ya matsa wa mai buta. A 1995 Shreedhar da Varghese suka sauƙaƙa lissafin da tsarin DRR. Tun 2012 Linux na da fq_codel, wanda ke sa ƙananan ƙunsoshi irin na murya a gaba.

Abin da za ka yi:

1. Dakatar da saukar da fim kafin kira.
2. Kashe sabunta manhajoji kai tsaye a Play Store.
3. A saitin WhatsApp, kunna rage cin data yayin kira.
4. Idan rautarka na da QoS, kunna shi.

Sannan ka gwada Speedtest sau biyu, da saukewa da kuma babu. Idan Jitter na ƙasa da 30, kiranka zai tafi daidai.